Motar Wadi Fatima Ta Wuce Gawar Hajara

Zuwa ga:
Mai girma Mudir,
Ofishin Kula da Motocin Ƙauyuka,
Makkatul Mukarrama.

Daga:
Hajiya Asiya, mai waina,
Unguwar Mansur.

20 ga Shawwal, 1374.

Game da: Hana ɗauko mamatanmu zuwa Makka tun da aka ba da motar ƙauye kwangila.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, Allah ya ƙara wa Mudir lafiya. Ni tsohuwa ce mai yawan magana, jikokina ma sun sani, amma yau zan yi ƙoƙari in taƙaita.

1. Ranka ya daɗe, mutanenmu da ke noma a Wadi Fatima yawancinsu da ƙafa suka zo daga ƙasar Hausa, ta Sudan. Ba tumatir suka zo shukawa ba. Sun zo ne su mutu kusa da Ɗakin Allah, a yi musu salla a Harami, a kai su maƙabartar Ma'ala.

2. Lokacin da motar take hannun ofishinku, muna da al'ada. In an yi rasuwa a zangon mutanenmu da ke can, sai a ɗaura farin ƙyalle a kan sanda a bakin hanya. Direbanku Mahmudu, Allah ya saka masa, da ya hango shi zai karya kan mota ya shigo. Fasinja su matsa, a shigar da makara, kafin azahar an isa Harami. Ba wanda ya taɓa ɓata fuska.

3. A ranar 1 ga Muharram na bana aka miƙa hanyar ga wani ɗan kwangila. Ya sallami Mahmudu, ya cire kujerun baya, ya mai da wurin na kwandunan kayan lambu. An ce ya yi doka, ban da gawa, wai 'yan kasuwa ba sa son kayansu kusa da mamaci. Ba wanda ya zo zango ya sanar da mu.

4. A ranar 9 ga Shawwal Hajara ta rasu, matar wana Hashimu. Tare muka baro Kano muna da ƙuruciyarmu, ita ta goya mini ɗa a rairayin Sudan lokacin da ƙafata ta kumbura. An yi mata wanka, an sa likkafani, an ɗaura ƙyallen. Mota ta zo, direba ya dube mu, ya wuce. Muka ce bai gani ba ne. Muka zauna da ita a ƙarƙashin bishiya, ina yi mata fifita kamar tana ji. Mudir ya san zafin Shawwal na bana. Da la'asar liman ya ce ba a ƙara jira. A gefen gonar kuɓewa aka binne ta, matar da ta ƙetare teku domin Ma'ala. Kwandunan kuwa sun isa kasuwa lafiya.

5. Na je wurin ɗan kwangilar, aka ce in je ofishinku. Na zo ofishinku, aka ce hanyar ta fita daga hannunku. To hannun wa take?

6. Yanzu Hashimu na kwance a Wadi Fatima, ko kunu ba ya wucewa. Masu jinyarsa sun ce jijjigar hanya za ta ƙarasa shi. Shi kuwa kullum tambayarsa ɗaya, in ya cika a can za a ɗauke shi ko za a bar shi.

Saboda haka nake roƙon mai girma Mudir ya umarci ɗan kwangila ya riƙa tsayawa ga farin ƙyalle kamar dā, a kuma sanar da direbobinsa. Hajara ta riga ta kwanta, ba na roƙon komai a kanta.

Ina kuma sanar da ofis cikin ladabi cewa idan amsa ta yi jinkiri, zan cika wa Hashimu abin da ya roƙe ni, wato in kawo shi Makka. Dokar ba ta hana mai rai shiga ba. Zan ɗora shi a motar da sauran numfashinsa, in zaunar da shi tsakanin kwanduna, in riƙe kansa a cinyata. In Allah ya karɓe shi a hanya, sai ɗan kwangila ya zo ya sauke shi da hannunsa.

Allah ya ja zamanin Mudir, ya sa ya cika da imani, ya kuma sami masu ɗaukarsa.

Mai biyayya a gare ku,
Hajiya Asiya, mai waina.