Taku Huɗu Tsakanin Injin da Kushewarka

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba mai injin ruwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma maganar nan ta fi ƙarfin cikina.

Injin da ka gina wa gida bakin gulbi, ƙasan Wurno, yana nan yana aiki. Ni ke tada shi kowace safiya tun rasuwarka, da ruwansa manoman fadama ke ba albasarsu. Sai dai gulbi ya ci gaɓa, Baba. Inda kake shimfiɗa buzu ka yi la'asar, yau ruwa ne. Da farko bangon gidan da ke fuskantar gulbi ya tsage har hannuna na shiga.

Bara ƙungiyar manoma ta yanke a sake ginin. Sharaɗi guda sunka kafa: kada injin ya tsaya. Ban ga laifinsu ba. Kai ma kakan ce, "Dashen albasa bai san uzuri ba, kwana ukku babu ruwa ya tahi."

Haka munka yi, injin na ruri, magina na aiki kewaye da shi. Ka san wurin. Gulbi a gaba, burtali a dama, magudanar ruwan gonaki a hagu, maƙabarta a baya. Mota ba ta shigowa. A ka munka riƙa ɗauko bulo da siminti daga bakin hanya, in shanun Ardo sun sauko shan ruwa mu raɓe sai sun wuce. Sau biyu ƙurar siminti ta shaƙe injin. Na kwance shi na wanke yadda ka koya mini, manoma na tsaye kaina.

Wata huɗu munka kwashe. Ranar da anka gama sabon bango na shafa shi da tafin hannu, na ce da ma kana nan.

Damina ta sauka, gulbi ya cika. Wata rana da hantsi ina tsaye na ga ƙasar da ke ƙarƙashin bangon tana narkewa kamar gari cikin ruwa. Munka yi ta jera buhunan yashi har hannuwana sunka saɓule. Kafin azahar bangon ya kwanta cikin gulbi gaba ɗaya. Injin kaɗai munka tsirar, da igiya munka ja shi. Yanzu ƙarƙashin rumfar zana yake.

Da ruwa ya janye, injiniyan da ƙungiya ta kira ya zo ya auna. Ya ce babu sauran ƙasar da za ta riƙe gini a gaba, sai an ja baya taku huɗu.

Baba, taku huɗun nan kai ne a ciki. Kai ka roƙa a sa ka gefen maƙabarta, kana dariya kana cewa, "Ku aje ni inda in yaron ga ya yi sakaci da mai zan ji."

Liman Bello ya ce lalura ta halatta a ɗaga ka a maida ka can ciki. Dattawa sun yarda, sunka bar mini maganar ƙarshe. Na je wurin Inna ina fatan ta hana. Ta ce, "Mi zan ce, Umaru? Da ransa ma ban iya raba shi da wurin nan ba."

Ranar Juma'a na ce na yarda. Rani ya matso, irin albasa ya tsiro, gidaje da yawa na jiran ruwan nan.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, na ja injiniyan gefe na tambaye shi ko sabon wurin zai dawwama. Ya kau da kai, ya ce gulbi bai gama tafiyarsa ba. Ke nan zan tada ka daga makwancinka don ginin da wataƙila ni ma in ga faɗuwarsa.

Gobe da hantsi masu tono za su zo. Na gaya musu ni zan sauka cikin kushewar, ba wanda zai taɓa ka sai ni. Ban san abin da zan tarar ba. Ka yafe mini, Babana.

Allah Ya yalwata maka sabon makwanci, Ya haskaka shi, Ya sa kada a sake tada ka sai ranar da za a tada kowa. Amin.

Ɗanka da ya kasa tsare maka wurinka,
Umaru