Baturan kyamarata

Daren Alhamis, garin Bowie, ƙasar waje

Yakuwata ta ƙare. Irin da Inna ta ba ni da hannunta a Kano, wata uku ina ban ruwa, yau da safe sai kara tsaye.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wahalar da na sha da kyamarar da na ɗaure a jikin katanga don in ga ɓarawon da ke cinye min ganyen. Makon farko hotunan reshe kawai ta yi ta ɗauka, iska na kaɗa shi kyamarar tana ƙyastawa, har batir ya mutu. Na sare reshen, na juya ta daga fuskantar rana, na rage mata saurin ji, na sa sababbin batura masu jure sanyi. Na ce yau ko barewa ce ko gafiya, sai na ga idonta.

Da na buɗe ta ɗazu, babu batir ko ɗaya a ciki.

Na tambayi Baban Hafsa. Ko kallona bai yi ba ya ce, "Au, na rimot ne suka mutu jiya ana tsakiyar ƙwallo. Haba Maman Hafsa, ganye ne fa."

Ganye!

Har shayi na haɗa masa. Ya gayyato abokansa kallon wasan ƙarshe jibi. Na bi gidan nan ɗaki-ɗaki na kwashe duk wani batir, rimot ɗin kuma yana ƙasan buhun shinkafa. Idan ya tambaya, zan ce barewa ce.