Irin Cittar da Na Ba Ki

Kafanchan,
14 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Yayata Milka,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Yaya Baban Tamar da yara, da mutanen Kwoi duka? Ina fata damina ta fara muku lafiya.

Kin dai ji an zaɓe ni zuwa ƙasar Peru, kwas na wata uku kan noman citta. Mutanen can Sifaniyanci suke ji, shi ya sa in na tashi ofis nake zuwa darasi wurin Fada Gilbert, wani tsohon limamin coci da ya yi shekara goma sha biyu a ƙasar. Mu huɗu ne. Ni ne babba, ni ne kuma daƙiƙin ajin, tsufa da karatu sai a hankali.

Makon jiya muka shiga kalmomin sani. Yaya, mutanen nan ba sa barin mutum ya ɓuya. In ka ce conocí, ranar ka fara haɗuwa da mutum ke nan. In ka ce conocía, dama can ka san shi. Haka supe, a lokacin labari ya iso maka. Sabía kuwa, tuntuni sanin yana zaune a cikinka. Mu da Hausa "na sani" ɗaya ta ishe mu, kowa ya fake a bayanta.

Fada ya sa mu rubuta labarin bara, yadda cuta ta cinye citta. Na rubuta cewa supe, a watan Agusta na gane irina ya kamu, kamar yadda na gaya miki. Ashe tsohon bai manta ba, shi ya taya ni rubuta takardar neman kwas ɗin, inda na cika baki cewa tun Afrilu na ga alamar cutar, kafin kowa. Ya ajiye takardun biyu a gabana yana murmushi, ya ce, "Malam Gershon, ɗaya ce daidai. Supe ko sabía? Ka gyara." Shi a zatonsa nahawu ne ya kayar da ni. Na riƙe biro har aka tashi ban rubuta komai ba.

Sabía ce, Yaya. Na sani.

A watan Afrilun nan, ranar da na yaye ciyawar da na rufe irin cittar, na tarar wasu sun yi laushi suna ɗoyi. Na tsince ruɓaɓɓun na binne a bayan gida, na ɗura sauran a buhu shida na aiko miki. Na riga na yi alkawari a gaban 'yan ƙungiyar matanku cewa irin malamin gona ba ya ba da kunya, sai na kasa buɗe baki in ce nawa ya ruɓe. Na ce wa kaina wataƙila sauran lafiya suke, alhali aikina ke nan, na san ba haka cutar take ba. Don gudun kunyar yini ɗaya na sa gonarki ta zama kango.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne Baban Tamar. Tun ranar shuka ya shinshina irin ya ce bai yarda da shi ba. Da gonar ta mutu ya ce dama ni na san irin ya kamu, kika tsaya gaban dattawan coci kika rantse ƙaninki ba zai yi miki haka ba. Aka sa shi ya ba ni haƙuri, ni kuma na miƙa hannu na karɓa, har da cewa ba komai. Na ji har yau ba kwa cin abinci tare. Kunya ta hana ni zuwa Kirsimeti, ba aiki ba ne kamar yadda na ce.

Ban ce ki yafe mini yanzu ba. Ran Lahadi zan zo, in an tashi sujada in faɗi wannan da bakina a gaban dattawan nan. Amma kada ki jira ni. Ki kai wa Baban Tamar takardar nan yau ya karanta, ya san wata tara ke nan yana da gaskiya a gidansa ba wanda ya ba shi ita.

Ki gaishe da Tamar da Asher. Ubangiji ya ba ki lafiya.

Ƙaninki mai kunya,
Gershon