Layin Ƙarshe a Takardar Rigar Inna

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyunki. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Yaya ciwon bayan nan da kika ce yana taso miki idan kin wuni kina ɗaga tsofaffin gidan da kike aiki? Allah ya sawwaƙe, ya sa kaffara ne, ya ba ki ladan jinyar iyayen mutane. Don Allah ki riƙa ɗaura abin nan na ƙugu da kika saya, kada ki bar shi a jaka kamar yadda kika saba da kowane magani.

Mu a nan muna nan muna godiyar Allah. Baban yara ya samu sauƙin gwiwarsa, har ya koma hawa kekensa zuwa shago, ko da yake har yanzu idan zai tashi daga kujera sai duk gidan ya sani. Babbar 'yata ta shiga aji na gaba, ƙaramar kuma haƙoranta na gaba sun zube, ta daina dariya a gaban baƙi. Gwaggo tana zuwa kusan kullum, ta sha shayi, ta yi mana faɗa a kan labulen falo, ta tafi. An gyara yoyon ɗakin girki. Na san za ki yi dariya ki ce wace ce ke rubuta wasiƙa a wannan zamani, alhali kullum muna waya. To Yaya, wayar kullum a ɗakin Inna ake yin ta, kuma kin san kunnen uwarmu, ko allura ta faɗi a tsakar gida sai ta ce a duba ƙarƙashin tebur. Maganar da ke bakina ba ta faɗuwa a gabanta.

Kin tuna takardun yankan riga da kike aiko mana cikin ambulan, masu hoton dogayen matan nan a baya da hannu a ƙugu? Ke dai saye kike yi ki aiko, don har kika bar gida ba ki iya zura zare a allura ba, amma ba ki san irin farin cikin da suke sa Inna ba. Ranar da sabuwa ta iso, sai ta sa a share teburin falo, a wanke hannu, sannan ta warware takardar nan shara-shara a hankali, ta bi ta da dutsen guga mai ɗan ɗumi har ta miƙe. Rubutun jiki ba mu iya karanta shi, amma Inna ta ce zane ba ya buƙatar tafinta. Ita ta gane cewa doguwar kibiyar nan tana nuna yadda za a kwantar da takarda a bi tsawon yadi, ƙananan alamun gefe kuma wurin da gaba da baya za su haɗu ne. Cikinsu duka babu wadda take so kamar doguwar riga mai zagayayyen wuya da tattara a ƙirji, wadda kika aiko tare da shuɗin yadin nan mai ƙananan furanni. Yadin ya yi yawa ƙwarai, kin sayo kamar za a yi wa gari anko, sai muka ɗinka ɗaya muka ajiye sauran a akwati.

Kin san kowace takarda tana da layuka a jere, ɗaya cikin ɗaya, na waje na masu jiki, na ciki na sirara. Dokar Inna tun muna yara ita ce ba a sa almakashi a layin ciki. Idan za a yi wa siririya ɗinki, sai a naɗe takardar a kan layinta a kama da fil, ko a kwafe a tsohuwar jarida, a bar ta asali yadda take. Takan ce mutum ba dutse ba ne, yau ya rame gobe ya murmure, wanda ya yanke layin waje ya yanke wa kansa hanyar komawa. Ba ki manta matar mai gyaran rediyo ba, da ta ari takarda ta dawo da ita a yanke daidai jikin 'yarta. Har suka tashi daga layinmu Inna ba ta sake ara mata ko tsinken fil ba.

To Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Inna ba ta da lafiya, kuma an daɗe. Abin ya fara ne da rashin cin abinci, ta yi cokali biyu ta ture kwano ta ce na cika gishiri. Ni kuma da bakina, na yi ta musu da ita a kan gishiri. Wata safiya ta sa shuɗiyar rigar don za ki kira mu ta bidiyo, sai na ga kafaɗar tana zamewa, wuyan ya buɗe har ƙashin wuyanta ya fito. Ta tsaya gaban madubi ta daɗe, sannan ta ce in yafa mata mayafi, bayan mun gama waya kuma in ɗauko takardar da sauran yadin. Idanunta yanzu ba sa ganin ɗinki, ƙafarta ba ta iya taka keken ɗinki, don haka ni ce hannunta. Ta zauna kusa da taga da fil a baki tana nuna mini, na naɗe takardar a layi na gaba, na yanka, na ɗinka mata sabuwa sak irin tsohuwar. Da kika kira a mako na gaba kika ce Inna ba ta tsufa, rigar nan har yau tana zaune mata ɗas. Ta yi dariya har da tafa hannu, ni kuma ina bayan wayar ina riƙe da ita.

Rigar da kike gani a jikinta duk wannan lokaci ba guda ɗaya ba ce. Duk sanda ta yi mata yawa, sai mu sauka layi ɗaya. Na sa mata ɗan soso a kafaɗa, na ƙara tattarar ƙirji, na yi mata shafi mai kauri daga ciki don rigar ta tsaya da kanta, na tsawaita hannu ya rufe wuyan hannunta. Duk dabarar da ta koya mini don a gyara wa mace tsayuwa, da ita na rufe miki ido. Wallahi ban taɓa ɗinki mai kyau irin wannan ba, kuma ban taɓa jin haushin hannuna irin yanzu ba. Kina yaba rigar, ni kuma ina ce miki na gode.

Mun je asibiti, ba sau ɗaya ba, baban yara ne ke kai mu. An yi hoto, an ɗebi jini, an sake yin hoto. Daga ƙarshe likitar ta kira ni gefe ta ce ciwon yana cikinta kuma ya yaɗu, aiki ba zai yi amfani ba, abin da ya rage shi ne maganin rage zafi da kulawa. Na tambaye ta lokaci, ta ce wannan na Allah ne, amma idan akwai na nesa a sanar da su. A mota Inna ta kama hannuna ta ce ta ji komai, kuma ba ta yafe ba idan na gaya miki. Ta ce takardun zamanki a can ƙasar waje suna hannun hukuma ana sabuntawa, idan kika fito yanzu ba za a bar ki ki koma ba, ga 'yan biyu a makaranta, ga aikin da kika sha wuya kafin ki samu. Ta ce ba ta haife ki don ki zubar da rayuwarki a bakin gadonta ba. Na ce mata ai ke ma 'yarta ce, kina da hakki. Ta ce in rufe mata baki, ni ce auta, ban isa in koya mata 'ya'yanta ba. Gwaggo ta goyi bayanta, baban yara ya ce shi suruki ne, ba ya shiga tsakanin uwa da 'ya. Haka na zauna, gaba kura baya siyaki.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru ya faru ne a makon da ya wuce. Rigar ta sake yin yawa, muka shimfiɗa takardar da hantsi, sai ga mu a layin ƙarshe, wanda babu wani a cikinsa. Takardar ta sha naɗi har ta yi laushi, wajen lanƙwasar hammata ta fara yagewa, ninkin ya yi kauri fil ba ya kama shi. Na ce bari in kawo jarida in kwafe, kamar yadda ta koya mana. Ta ce a'a, in miƙo mata almakashi. Na ɗauka zare za ta yanke. Sai na ga ta jawo takardar gabanta, ta warware ninkin duka ta shafe shi da tafin hannu, ta sa bakin almakashin a kan layin ciki. Ƙarfinta bai kai ta danne shi ba. Ta gwada, ta sake gwadawa, sannan ta turo mini shi ta kan tebur ta ce, "Yanke, Auta. Ba zan koma waɗancan layukan ba."

Na yanke, Yaya. Ban san yadda zan ƙi ba. Na bi layin tun daga kafaɗa har ƙasa, sauran layukan suna zubewa a kan siminti siri-siri, ita kuma tana kallo tana ce mini in kula da lanƙwasa kada in ci ciki. Da na gama ta ce in share wurin kada yara su ja. Na kwashe na shiga ɗakin girki na kunna famfo don kada ta ji ni, na yi kukan da ban yi ba tun ranar asibiti. Da na fito ta dube ni ta ce idona ya yi ja, albasa ce ko, na ce albasa ce. Muka ci gaba da aiki, na shimfiɗa guntun yadin da ya rage, da kyar ya isa.

Ita ce rigar da kika gani a kiranki na ƙarshe, kuma ita ma ta fara yawa. Yanzu ba ta iya ɗaga hannu sama a zura mata riga ta kai, sai na raba bayan na sa maɓallai. Na gwada rage takardar da kaina, na zana sabon layi da alli, amma ni ba Inna ba ce, hammatar ta tsuke, wuyan ya karkace, na ɓata ƙyallen gwaji a banza. Shi ne ta ce in rubuto miki ki aiko da wata takardar, ƙarama, irin ta 'yan mata, mai buɗewa ta gaba, da yadi shuɗi mai kama da wancan idan za a samu. Ta ce in ce miki 'yar maƙwabta za a yi wa. To ga saƙonta na isar, amma ƙaryar ce na kasa. Babu wata 'yar maƙwabta. Uwarmu ce, wadda da hannu ɗaya take ɗaga kan keken ɗinki, yanzu nake ɗaukarta daga gado zuwa kujera ba tare da na yi nishi ba.

Ban san abin da zan ce ki yi ba. Idan na ce ki zo, na san abin da za ki rasa, kuma watakila Inna ta tafi tana fushi da ni. Idan na ce ki zauna, ban san da wane ido zan dube ki daga baya ba. Na juya maganar nan ta kowace fuska ban ga inda take da sauƙi ba. Ni dai na gaji da riƙe ta ni kaɗai, ina jin tsoro, kuma ina kewarki fiye da yadda zan iya rubutawa. Ki yi shawara da maigidanki, ki tambayi masu takardun ko akwai wata hanya ga wanda uwarsa ke kwance. Idan kin kira, don girman Allah kada ki yi kuka a gabanta, kada ki nuna kin sani sai kin yanke abin da za ki yi. Ki dai dubi hannunta sosai lokacin da take ɗaga miki shi.

Baban yara yana gaishe ki da maigidanki. Gwaggo tana gaisuwa, ba ta san na rubuta wannan ba. Yarana suna gaida 'yan biyu, ƙaramar ta ce a gaya musu haƙori ɗaya ya fara leƙowa. Ki gaida mini matar nan maƙwabciyarki da ke riƙe miki yara idan kina aiki, Allah ya saka mata da alheri. Inna tana gaishe ki da kyau, ta ce a gaya miki tana cin abinci, tana barci, kada ki damu da ita. Takardar kuma, idan kin ga dama ki saya ki aiko, zan ɗinka da duk iyawata. Sai dai kin san daɗewar da saƙonki yake yi a hanya, Yaya, kuma ban sani ba ko zai tarar da mai rigar.

Allah ya ba mu ikon ɗauka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
ƙanwarki Auta