Amya Biyun Baba Stojadin

Talata, 7 ga Maris

Saƙo arba'in da uku a zauren Matica na intanet tun jiya, duk na godiya, duk ga Smiljana. Bai kamata in ƙirga ba, amma na ƙirga.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na rubuta manhajar nan, Matica, a teburin kicin ɗinmu a Kruševac, na sake ta kyauta, kowa ya gani ya gyara. Sikeli a ƙarƙashin amya yana aiko nauyi, Matica tana rubutawa, in abinci ya yi ƙasa ta gargaɗi mai kiwo kafin ƙudan zuma su mutu da yunwa. A kan tsarin kwamfuta na Linux kaɗai take aiki, kuma da gangan na yi haka. Smiljana ta shigo cikinmu wata takwas da suka wuce, daga Novi Sad, ta zauna ta sa manhajar ta tashi a kan Windows. Yanzu tana so mu haɗa aikinta da namu, mu ce muna ɗauke da tsari biyu.

Wani daga Pirot ya rubuta, "A ƙarshe dai an samu mai tunawa da mu." A ƙarshe dai!

Alhamis, 9 ga Maris

Na rubuta musu doguwar amsa. Mu tara ne kawai, duk a lokacin hutunmu muke yi, wa zai riƙa gwada tsari biyu? Kuma manhajar 'yanci ba ta da abin yi a kan tsarin da aka kulle. Duk gaskiya ne.

Zoltan, wanda muka fara tare, ya ce, "Velimir, masu kiwon zuma muke yi wa, ko akida?" Aka bi shi da alamar dariya har shida. An sa ƙuri'a ranar biyar ga Afrilu.

Lahadi, 12 ga Maris

Abincin rana a ƙauye wajen surukina. Baba Stojadin yana da amya sittin da biyu. Shekara nawa ina roƙonsa ya bar ni in sa masa Matica, kullum sai ya ce hannunsa ya fi sikelina. Yau ga ta a buɗe a kwamfutarsa, kusa da kwanon ajvar, miyar gasasshen tattasai. Maƙwabcinsa ya sa masa ta Smiljana, ya kawo masa sikeli goma.

"Ka ga yarinyar nan da ta ƙera abin nan? Kai, akwai kai! Kai ma irin wannan aikin kake yi, ko?"

Matata Binka ta ce, "Baba, ai na Velimir ne."

"To me ya sa nasa bai taɓa aiki ba?"

Na ci kabejina. Binka ta yi ta dariya a mota har muka wuce gada, sai da ta kalli fuskata ta daina.

Laraba, 15 ga Maris

An gayyaci Smiljana ta yi jawabi a taron masu kiwon zuma na Niš. Ni sau biyu na nema a baya, ko amsa.

Litinin, 20 ga Maris

Na karanta aikinta layi-layi, ina neman inda ta yi kwaba. Abin haushi, tsaf yake. Ta fi ni iya sa wa abubuwa suna. Har bayanin da na yi shekaru ina cewa zan rubuta, ta rubuta.

Litinin, 27 ga Maris

Na samu.

Waƙafi ne. Mu nan 9,5 muke rubutawa, ba 9.5 ba. A allo nauyin yana fitowa daidai, amma ɓangaren gargaɗi a nata yana tsallake waƙafin, ya karanta kilo tara da rabi a matsayin casa'in da biyar. Wato amya za ta iya ƙarewa ƙaf, manhaja tana cewa lafiya lau.

Na buɗe shafin kai rahoto, na rubuta layi biyu, na goge. Ranar ƙuri'a ya fi. Kowa ya gani da idonsa abin da nake faɗa tun farko. Kwana tara ne kawai, kuma wane mai kiwo ne ba ya ɗaga amyarsa da hannu a Maris?

Na sayi burek biyu, gasasshiyar fulawa mai nama a ciki, a hanyar ofis. Rabon da in ji daɗi haka har na manta.

Asabar, 1 ga Afrilu

Sanyi ya dawo. An ce har ƙanƙara za ta sauka ranar Talata. Binka ta ce gwiwar Baba ta kumbura, bai hau tudu wajen amya ba tun makon jiya. Na ce Allah ya sawwaƙe.

Laraba, 5 ga Afrilu

Na saka rahoton awa ɗaya kafin ƙuri'a, da hotuna, da jimlar da na yi kwana uku ina gyarawa: "Ga abin da tsari na biyu ke jawowa."

Cikin minti arba'in Smiljana ta gyara, ta aika wa duk masu amfani da ita saƙo su duba amyarsu yau-yau, ta ce kuskurenta ne, ta gode mini. Ta gode mini! Ko kare kanta ba ta yi ba, ban samu inda zan kama ba.

Ƙuri'a bakwai da biyu. An karɓi Windows.

Bayan nan Zoltan ya kira ni. "Hoton da ka saka akwai kwanan wata a kusurwa, mutumina. Ashirin da bakwai." Na ce ina tabbatarwa ne. Ya ce, "Kwana tara?" Ya kashe.

Juma'a, 7 ga Afrilu

Biyu daga cikin amya goman Baba da ke kan sikeli sun mutu. Lamba sha huɗu da lamba talatin. Baba ya sa maƙwabci ya kai shi tudu a tarakta bayan ya ga saƙon. Ya ce wa Binka ƙudan zuman sun cusa kawunansu cikin saƙar da ba komai, haka ya same su. Ta talatin daga zuriyar da marigayiya surukata ta kama ce a kan wata bishiya.

Ya ce yarinyar nan ta kyauta da ta yi gargaɗi, da sauran takwas ɗin ma sun bi.

Asabar, 8 ga Afrilu

Ban rubuta komai a zaure ba.

Talata, 11 ga Afrilu

Na gaya wa Binka, tana yanka albasa. Ba ta yi faɗa ba, na fi son ta yi.

"Saboda saƙon godiya?"

Na ce ba haka ba ne, maganar tsari ce, maganar nauyin da mutum tara za su iya ɗauka.

"Vele, ni kake gaya wa? Ka je ka faɗa wa Baba. Ni ba zan kai maka ba."

Lahadi, 16 ga Afrilu

Ista. Bayan an fasa jan ƙwai na al'adar bikin na bi Baba rumfa, yana kankare katakon amyan da suka mutu. Na faɗa masa duka, har burek ɗin, ban san dalili ba. Bai ɗago ba.

"Wato ka san suna jin yunwa."

Na ce ban san naka ba ne za su...

"Na wani fa?"

Ya miƙo mini wuƙar kankara. Muka yi awa biyu muna kankara. Da za mu tafi ya ba Binka kwalbar zuma, ni ya ce in zo ranar Asabar da takalmin aiki, tunda gwiwata lafiya take.

Alhamis, 20 ga Afrilu

Smiljana ta rubuto mini ni kaɗai. Akwai wurare uku a tsohon aikina da ba ta gane ba, ko zan yi mata bayani? Ba ta ambaci kwanan watan ba. Ko ba ta lura ba, ko ta lura. Na fi awa ina kallon saƙon. Tambaya ta biyu ma, ni kaina ban tuna me ya sa na yi haka ba.

Asabar, 6 ga Mayu

Harbin ƙudan zuma huɗu yau, ɗaya a fatar ido. Baba ya ce ina ɗaga murfi kamar mai buɗe firji. Amma ya bar ni na riƙe gwangwanin hayaƙi.

Tsohuwar kwamfutar Binka tana kan teburina yanzu, da Windows a ciki. Don gwaji ne kawai, dole wani ya riƙa dubawa, kuma Zoltan ba shi da haƙuri. Na tura gwaji goma sha ɗaya, Smiljana ta karɓi tara, ta dawo mini da biyu da gyara. Ɗaya tana da gaskiya. To, duka biyun.

Jiya na gyara shafin sunayen masu kula da Matica. Smiljana a sama, Velimir a ƙasa, sai Zoltan. Bin haruffa ne, ba wani abu ba.

Har yanzu ban ba ta amsar maganar ashirin da bakwai ba, ko da yake ba ta tambaya ba. Na fara rubutawa. Gobe, in kumburin idon ya sace.