Fartanyar Zakari

Maje, Suleja

Zuwa ga 'yata Balkisu a Minna,

Gaisuwa mai yawa. Ina maigidanki, ina abokina Zakari? Bayan haka, tun shekarar da aka ɗauke mana sunan Abuja aka kai wa sabon birni, wato shekarar da na auro uwarki Halima daga Garam, Allah ya jiƙanta, ba a taɓa kai ɗan gidan nan asibiti don ya faɗi a tsakar gida ba. Direban da ke kawo saƙonki ya ce har jininsa aka ɗiba. Don me? Yaro ɗan shekara bakwai da sha-raɓa kamar doya! Da Sallah na matsa su da hannuna, ƙafar manomi ce sak. Son jiki ne kawai irin na 'ya'yan birni.

Ki kawo shi. Wanzami ya kafa masa ƙaho a fitar da mataccen jini, a shafe shi da man shanu, ya riƙa bi na gona. Masu gine-gine sun cinye Maje, saura gonata, na kuwa gaya musu ta Zakari ce. Har na sa maƙeri ya ƙera masa 'yar fartanya.

Wayar da kika aiko tana cikin kwano, ba na jin magana a cikinta. Ki rubuto da ajami yadda na koya miki. Wassalam.

Ubanki, Mamman

*

Minna

Baba,

Ina gaishe ka cikin ladabi, Allah ya ƙara girma. Baba, ba son jiki ba ne. In yaron nan zai tashi daga tabarma, sai ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya bi cinyarsa da hannu kamar mai hawan bishiya. Da yatsun ƙafa yake tafiya. Likita ta ce jinin ya nuna naman jikinsa yana lalacewa, kuma girman sha-raɓar kitse ne ya maye gurbin nama. Ta hana ƙaho, ta hana aikin wahala.

Ta tambaye ni ko an taɓa yin mai irin wannan a dangi, na ce akwai wanda ya san kowa. Don Allah Baba ka tuna mini. Ina da ciki wata biyar, shi ya sa ta matsa. Ka huta lafiya.

'Yarka, Balkisu

*

Maje

Balkisu,

Na ga takardarki, Allah ya raba lafiya. Ki karanta wa likitar taki wannan. Ni Mamman ɗan Audu Gwani, wanda ya ɗauko dutsen niƙa a ka daga Lambata bai sauke ba. Audu ɗan Barau ne, maharbi. Barau ɗan Jatau ne, yana cikin waɗanda suka haƙa ganuwar garin nan. Dukansu da ƙafarsu suka je masallaci ranar da suka rasu ko kwana kaɗan kafin nan. Gidan mijinki ma na bincika kafin in ba shi ke. To ina gadon ciwo?

Ki ce wa abokina raggo ne, in ya zo kokawa za mu yi, in kuma na kayar da shi ba shi cin naman zabuwata. Fartanya ta kusa, ƙota ta rage. Wassalam.

Mamman

*

Minna

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta mata, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ba wannan ɓangaren take nema ba. Ta ce ciwon ta wajen uwa yake bi. Mace tana ɗauke da shi lafiyarta ƙalau, ɗanta namiji yake kamawa. Dangin Inna take tambaya, har da waɗanda suka mutu suna yara, waɗanda ba a sa su cikin lissafin asali.

Sakamakon gwaji na biyu ya fito, ya tabbatar. Babu maganin warkewa. Akwai ƙwayar da ke rage wa ciwon gudu, da miƙar da gaɓoɓi kullum don kada su ƙage. Ta ce nan da wasu shekaru zai daina tafiya, daga baya ciwon ya taɓa numfashi da zuciya. Na tambaye ta na cikin nan fa, ta ce in namiji ne, ko ya ɗauka ko ya tsira, Allah kaɗai ya sani yanzu.

Jiya ya ce in tambaye ka ko fartanyar tana da nauyi. Zakari, Baba. Ɗan farina, ga shi yau na kama sunansa, kunyar ta fita daga kaina.

Balkisu

*

Maje

'Yata,

Na amsa gaisuwa. Akwai su. Da na je neman auren uwarki, na tarar da ƙannenta biyu a zauren gidansu a Garam, Sale da Ɗanjuma. Salen ba ya tashi, Ɗanjuma yana tafiya da yatsu, ƙirji a gaba. Aka ce inuwar wata tsamiya suka taka, har aka sare ta. Ba wanda ya kai aure a cikinsu. Ni na ɗauki Ɗanjuma a kafaɗa ranar ɗaurin aurena don ya ga makaɗa. Na tuna nauyin ƙafafunsa a ƙirjina, na tuna har na yaba su. Ban taɓa haɗa su da jikana ba, don mu ta wajen uba muke ƙirga jini.

Ki gaya wa likita sunayensu. Ki ba shi ƙwayar. Na sallami wanzami.

Ki ce wa abokina fartanya ba ta da nauyi. Gobe da sassafe zan je wurin maƙeri in ce ya bar ƙotar, ya nemo mini ƙafafun keke biyu masu ƙwari, ya haɗa wa abokina keken turawa. Hanyar gonar duk duwatsu ce, zan fara kwashe su tun ina iyawa.

Ubanki, Mamman