Zan Hau Gangirwal da Ƙafar Roba

Likoro, ranar Talata

Zuwa ga Mukarrama, sanyin idanuna, ruwan farko na daminar rayuwata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, matata kuma uwar 'yata Rahama.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa, ina gaida Baba da Inna da duk mutanen gidanku na Janfalan.

Yau kwana tara ke nan da kika goya Rahama kika tafi gida, don na ce zan hau Gangirwal, dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar nan. Kwana tara! Gidan ya zama kamar gona bayan girbi, sai kara da shiru. Kajinki suna zuwa ƙofar ɗaki su leƙa su koma. Tuwon da ake aiko mini daga gidan Gwaggo ina ci ne don kada a ce na raina, amma wane tuwo ne zai yi daɗi ba hannunki ya tuƙa ba?

Ranar Juma'a Yaya Bilya ya zo da saƙon manya, wai in fasa tafiyar. Na shimfiɗa masa tabarma, na saurare shi da ladabi, don yayanki yayana ne. Da ya gama sai ya dubi ƙafata ya ce, "Malam Saminu, masu ƙafa biyu ma ba su je ba, sai kai?" Na ce masa, "Yaya, masu ƙafa biyu ba su da abin da za su je nema." A shagon mai shayi kuma an mai da ni abin hira. Wani ya ce wai ma'anar sunan dutsen ma Dutsen Mutuwa ce. To, su yi ta faɗa! Mutuwa ba a kan dutse ta neme ni ba. A gonar masarata ta same ni, ina maimai, nan bayan gari, inda kububuwa ta sare ni a idon sawu, har aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Allah bai ƙaddara ba, na tashi. Yau shekara uku.

Ya ke tauraruwata, ke kaɗai zan gaya wa abin da ya kawo wannan niyya, don ban taɓa faɗa miki ba. Kin tuna rasuwar Auwal, abokina tun na firamare? Da aka ɗauko shi za a kai makwanci, na kutsa na sa kafaɗata a makara. Ban yi taku biyar ba wani ya dafa ni ya ce, "Malam, huta." Ya zare ni a hankali ya shiga wurina. Da kyakkyawar niyya ya yi, na sani. Amma na tsaya a gefen hanya ina kallon ana wucewa da Auwal, na gane cewa garin nan ya riga ya ajiye ni. An daina kirana gayya. A makaranta ana rige-rigen ɗauko mini kujera. Kowa sai "sannu, Malam", da irin muryar da ake yi wa majinyaci. Shekara goma sha huɗu ina koyar da labarin ƙasa a Kudan, ina zana wannan dutse a allo da alli, ina rubuta tsawonsa, mita dubu biyu da ɗari huɗu da 'yan kai, ban taɓa ganinsa da idona ba. A ranar jana'izar Auwal na ce zan taka kansa, da ƙafar Allah da ƙafar roba.

Kuma wa ya koya mini wannan taurin kai, in ba ke ba? Ki tuna hantsin da aka kawo ni daga asibitin ƙashi da sabuwar ƙafa. Na ce zan taka daga ƙofar ɗaki zuwa rumbu. Na yi taku uku na kife a tsakar gida, bakina cike da ƙasa. Gwaggo ta yi salati ta yunƙuro, kika tare ta da hannu. Kika tsaya a kaina, idanunki sun ciko, kika ce, "Tashi da kanka, Malam, ga ni nan tsaye." Na tashi! Wallahi ban taɓa ganin kyawunki kamar na ranar ba, fuskarki kamar gari ya waye bayan ruwa, ga hawaye ga murmushi. Yanzu macen da ta hana a ɗaga ni ita ce za ta ce in zauna?

Ban haɗa fushinki da surutun mutane ba, rabin raina. Su raini ne, ke tsoro ne, kuma kina da gaskiyarki. Ke kika wanke ciwon nan lokacin da ni kaina ba na iya kallonsa. Ke kika ji abin da likita ya ce a bayan labule. Shi ya sa ba zan ɓoye miki komai ba.

Mu shida ne. A cikinmu akwai Sada na Maƙarfi, wanda kin san ma'aikacin jinya ne, shi zai riƙe jakar magani. Daga Zariya za mu kama hanyar Jalingo, mu wuce Serti, mu haura Mambila, inda ma'aikatan gandun daji za su haɗa mu da ja-gora. Daga nan sai tafiyar ƙasa, kwana uku hawa, kwana biyu saukowa. Mun zaɓi rani don kada santsi da rafuka su tare mu. An ce can sama sanyi yana ratsa ƙashi, numfashi kuma yana nauyi, don haka a hankali za mu tafi, muna shan ruwa muna hutawa. Na tanadi tanti da bargo, da rigar sanyi mai kauri, da safar dungulmi guda takwas, da sanduna biyu. Likita ya auna zuciyata da jinina ya ce lafiya lau. Mai gyaran ƙafa ya sake mini madauri. Asabar goma sha ɗaya ina hawa dutsen Kufena da buhun yashi a baya. Farko sai da na zauna sau bakwai, makon jiya ban zauna ba ko sau ɗaya.

Ga alkawarina, Allah ne shaida. In dungulmin ya fashe, zan juyo. In Sada ko ja-gora ya ce a koma, ba zan yi gardama ba, ko da ina hango ƙololuwa kamar in miƙa hannu. Dutse yana iya mai da ni, na yarda. Amma bakin mutane ba zai mai da ni ba, ko garin nan duka zai yi sahu a ƙofar gidana. Zan tafi, Mukarrama! Ranar Alhamis ta sama, bayan sallar asuba, in Allah ya kai mu.

Abu ɗaya nake roƙo, ya ke zumar da ba ta gundura. Kada ki bari in fita daga gidan da ba kya ciki. Ban ce ki yarda da ni ba. Ki dawo da fushinki duka, ki zauna a bakin gado ki yi mini faɗa har muryarki ta dushe, ki jefar da jakar a tsakar gida in kina so, zan tsince ta. Faɗanki a gabana ya fi mini shirunki a Janfalan sau dubu. Ina so fuskar ƙarshe da zan gani a Likoro ta zama taki, ko a murtuke take.

In kuma kin ƙi, zan tafi da ciwon haka, in hau da shi, in sauko da shi, kuma daga tasha ba gida zan nufa ba. Ƙofar Baba zan zo in durƙusa, da ƙurar hanya a jikina, har sai kin fito.

Naki ne ni a ƙasa, naki a kan dutse, naki har ranar da numfashina zai ƙare.

Mijinki,
Saminu